Baba yana zuwa majema har watansa na ƙarshe: mun kyauta da muka bar shi?

Autan_Majemi
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana tara da rasuwar mahaifinmu. Waɗanda suka tako ta'aziyya daga cikinku da waɗanda suka kira a waya, Allah ya ba da lada, ya bar zumunci. Sai yau na samu na zauna in faɗi abin da ke cina a rai.

Baba majemi ne, ɗan majemi. Tun yana yaro yake ɗebo wa kakanmu ruwa yana daka bagaruwa, kuma bai daina zuwa majema ba sai saura kwana ashirin da shida Allah ya karɓi abinsa. Ya haura shekara casa'in. Da kuɗin fata ya aurar da 'ya'ya mata bakwai, ya yi wa maza biyar aure, ya riƙe marayu huɗu na ƙaninsa, ya sauke farali, ya biya wa iyayenmu mata su biyu. Ni ne auta, ni kaɗai na yi nisa a boko. Kuɗin rajistata na farko a jami'a a gabana ya zaro su daga zabira, suna warin jima, ya ƙirga sau biyu ya miƙo mini.

Abin da ya kawo ni shi ne, kusan shekara goma muna ja-in-ja a gida. Babban yayanmu yana cewa a hana shi fita, mun isa mu ɗauke masa komai, kuma abin kunya ne a ga tsoho mai 'ya'ya goma sha biyu yana dogara sanda zuwa wurin aiki. Ni da wasu muka ce a ƙyale shi. A ƙarshe aka ƙyale shi. Ya daina sa hannu a kwatarniya, ya daina ɗaga fata mai nauyi, amma kullum in ya karya kumallo sai jikansa ya ɗauke shi a babur, ya zauna bisa buzunsa a rumfa yana duba fatu yana ware su, yana gyara wa yara hannu. A can jiri ya kwashe shi ranar wata Laraba cikin zafin nan na bazara, aka kawo shi gida ranga-ranga. Bai sake tashi ba.

Yaya bai ce mini uffan ba, amma ranar uku da muka haɗa ido na gane abin da ke ransa. Na san ajali ba ya gaba ba ya baya. Abin da nake tambaya: mun kyauta masa da muka bar shi, ko mun gaza a haƙƙinsa?

Bn_Kanwuri
Allah shi jiƙan Baba, shi gahwarta mishi, shi sa can ta hi mishi nan. Kun kyauta wallahi. Tsohon da yas saba da aiki, ran da anka zaunar da shi gida ran nan na anka hwara gina mishi kabari. Kak ka sa ma ranka damuwa.

Hajiyar_Mabera
Allah ya jiƙansa da rahama. Ƙanena, ka yi haƙuri, amma ni ina bayan yayanku. Zafin Sakkwato a watan huɗu da na biyar ba abin wasa ba ne, yana haura digiri 40, saurayi ma in ya wuni a waje sai ya ji a jikinsa, balle mai shekara casa'in. Mahaifina manomin fadama ne, albasa da tafarnuwa, wajen Kwalkwalawa. Haka maza suka yi ta cewa a bar shi, a bar shi, har ranar da santsi ya kwashe shi a bakin rijiyar ban-ruwa ƙugunsa ya karye. Shekara biyu da wata uku ya yi a kwance. Masu cewa a bar shi sai su leƙo da yamma su yi sannu su wuce, mu mata mu ne da juya shi, mu ne da wanke shimfiɗa, kuma shi kansa yana kuka don kunyar a ce ɗiyarsa ke masa wannan. Tsoho ba ya ganin tsufansa, na kusa da shi ke gani. In ba ku hana shi ba wa zai hana shi?

Malam_Na_Zaure
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗan'uwa, ka fara da gode wa Allah. Ya zo a hadisi cewa mafi alherin mutane shi ne wanda rayuwarsa ta yi tsawo kuma aikinsa ya yi kyau. Ya kuma zo cewa babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci daga aikin hannunsa, kuma Annabi Dawuda alaihissalam daga aikin hannunsa yake ci. Mahaifinku ya haɗa biyun, muna kyautata masa zato.

Game da tambayarka, biyayya ga iyaye ita ce ka yi musu abin da ransu ke so matuƙar ba saɓo ba ne kuma babu cutarwa bayyananna. Allah ya hana a ce musu ko da tir. To, kulle wa uba ƙofa yana cikin hankalinsa ya fi tir nauyi. Amma maganar Hajiya ma tana da gurbi, don in likita ya ce fitar tana cutar da shi, sai a lallashe shi. Shin akwai likitan da ya taɓa cewa ya daina?

Autan_Majemi
Malam, babu wanda ya ce ya daina. Yana da hawan jini, yana shan magani, an yi masa aikin yanar ido shekarun baya. Abin da aka ce kawai shi ne ya rage shiga rana, ya yawaita shan ruwa.

Dan_Rima87
Allah ya jiƙan Baba. Ba musu nake ba, amma ta yaya kuka san ya haura casa'in? Mutanen da ba su da takardar haihuwa, kowane tsoho a unguwarmu in ka tambaya sai a ce ya kai ɗari.

Autan_Majemi
Gaskiya ne babu takarda. Abin da muka riƙe shi ne labarin da yake yawan ba mu, cewa ranar da aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar yana wurin, kawunsa ya saɓa shi a wuya don ya hango dawaki. Ya ce a lokacin ya riga ya shiga makarantar allo, haƙoransa na gaba sun fara faɗuwa.

Mai_Bin_Tarihi
To ai lissafi ya fito. An naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na uku a 1938, ya yi shekara 50 a kan gado, ya rasu a 1988. Yaro yana famfara ne yana da shekara shida zuwa bakwai, ke nan an haifi Baba wajen 1931 ko 1932. Ya haura casa'in babu tantama. In kuma da lissafin Hijira za a bi sai a ƙara masa kusan shekara uku, tunda shekara 33 ta wata daidai take da 32 ta rana.

Ku dubi abin da idon mutumin nan ya gani. Ya san zamanin Turawa da hankalinsa, yana magidanci aka samu 'yancin kai a 1960, ya ji labarin kisan Sardauna a 1966 yana da iyali. Ya yi ciniki da fam da sule kafin naira ta zo a 1973. Ya zauna a Lardin Sakkwato, ya zauna a Jihar Arewa maso Yamma, ya zauna a Jihar Sakkwato tun tana haɗe da Kebbi da Zamfara, duk ba tare da ya tashi daga shiyarsu ba. Bayan Sarkin Musulmi Abubakar ya ga Dasuki, ya ga Macciɗo, ya ga Sa'ad. Irin waɗannan in sun tafi, da ɗakin karatu guda suke tafiya.

Baduku_Takalmawa
Autan Majemi, in dai wanda nika zato na, to na san mahaihinka, kuma na yi sallar gawa tai. Ni baduku na, shekara talatin da wani abu ina sayen hwata. Bari in hwaɗa ma waɗanda ba su san jima ba abin da tsohon ga shika yi cikin rumhwar nan, don kar a ɗauka zaman banza na.

Jima aiki ta mai hawa-hawa. A jiƙa hwata, a sa ta ruwan toka har gashi shi saki, a ɗora ta bisa turmi a kankare da kartaji, a sa ta ruwan kashin kaji ta yi laushi, a wanke, sannan ta shiga ruwan bagaruwa. Bayan nan a shahe ta da mai, in ja aka so a sa karan dahi, in baƙi aka so a sa kuloko. Ko wane mataki da lokaci nai. In hwata ta wuce lokaci cikin toka ta ƙone, in ba ta sha bagaruwa sosai ba tsakiyarta na nan ɗanye, sai ka ɗinka takalmi damina ta zo shi hwara wari shi ruɓe. Yaran yanzu suna gaggawa. Baba ko da ido nai ya rage gani, hwata shika kamawa shi murza da yatsa biyu, shi kai ta hanci, shi ce a maishe ta, da saura kwana guda. Kuma in ka yanka gehenta ka duba, haka na. Ni in nij ji an ce hwata ta bi ta hannu nai ba ni ko buɗa ta, biya nika yi.

Saboda haka ba ku bar shi shina wahala ba. Kun bar shi shina sarauta.

Sadiq_Arkilla
Ikon Allah. Ni ban taɓa sanin haka ake yi ba, kuma a garin nan aka haife ni. Wai da gaske ne fatar akuyar Sakkwato har Turai ake kai ta?

Mai_Bin_Tarihi
Da gaske ne. Jar akuyar Sakkwato fatarta ta yi suna a duniya saboda laushi da ƙarko. Tun kafin Turawa su zo fatake ke ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, shi ya sa can suka san ta da sunan fatar Maroko, alhali daga ƙasar Hausa ta fito. Da ita suke yi wa littattafai masu tsada bango. A zamanin Turawa kamfanoni irin su John Holt da UAC suna sayen fata da ƙirgi, kuma da yake jirgin ƙasa bai iso Sakkwato ba, ya tsaya a Gusau da Ƙauran Namoda, sai a loda wa manyan motoci a kai tasha.

Kanawa_Dabo_a_Skt
Allah ya jiƙan Baba.  Yanzu ai yawancin fatar nan ɗanya ake sa mata gishiri a kai masana'antun Challawa da Sharaɗa. Ƙirgin shanu kuma ganda ta cinye shi.

Ma'aikaciyar_Jinya
Ina so in dawo da mu kan tambayar. Shekarata goma sha shida ina jinyar tsofaffi, kuma na ga iri biyun. Na ga wanda aka bari yana fita har ya faɗi, irin na mahaifin Hajiyar Mabera. Na kuma ga wanda aka zaunar, aka saya masa katifa da talabijin, cikin 'yan watanni ƙafafu suka saki, barci ya rikice, ya fara mantuwa. Jikin tsoho in ya daina motsi da sauri yake zubewa, haka ma hankali in babu abin da yake juyawa.

Abin da na saba gaya wa iyalai shi ne kada a tsaya kan a hana ko a bari. A duba lokacin fita, a dawo da shi kafin rana ta take. A ajiye masa ruwa kusa, a riƙa tuna masa, don tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, ga shi wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari. A riƙa auna jinin. A bazara a rage kwanakin. Daga abin da ka faɗa kun yi mafi yawan wannan. Ɗan'uwa, mai shekara casa'in da hawan jini, jirin nan yana iya samunsa a tsakar gida yana alwala.

Hajiyar_Mabera
Yana iya samunsa a gida, haka ne, amma a gida akwai inuwa akwai mai kama shi. Ni dai ban sauka daga maganata ba. Ko watanni biyun nan na tsananin zafi da an riƙe shi.

Ummu_Khairat
Allah ya gafarta masa. Ina karantawa tun ɗazu, an yi ta yabon Baba kuma ya cancanta. Amma mutum ba ya riƙe 'ya'ya goma sha biyu da marayu huɗu shi kaɗai. Ina labarin iyayenku mata? Kullum in namiji ya rasu sai a ce ya yi, ya yi, a manta da wadda ta tashi tun assalatu ta hura wuta.

Autan_Majemi
Kin yi gaskiya Yaya Ummu, kuma Baba da kansa ba ya ɓoye wannan. Uwargidan ta riga shi rasuwa da shekara takwas. Innarmu tana nan, tana takaba. Shekara da shekaru su ne ke daka bagaruwa a cikin gida, ban da fura da suke yi ta sayarwa. Yayyena suna ba da labarin farin 1973 zuwa 1974, lokacin da dabbobi suka yi ta mutuwa, fata ta yi yawa amma duk ramammiya ce ba ta da daraja, hatsi kuma ya yi tsada. Sun ce adashen uwargida da 'yan kunnenta na aure su suka sayi geron da ya fitar da gidan. Da abubuwa suka daidaita, kafin ya sake wa kansa ko riga sai da ya mayar mata da 'yan kunne. Da ya tashi biyan Makka kuma ita ya fara biya wa kafin Innarmu, kuma Inna ba ta taɓa jin haushin haka ba, takan ce ai bashi ya biya.

Ummu_Khairat
Allahu akbar. Allah ya haɗa su a Aljanna. Ku kula da Inna sosai, wata huɗu da kwana goma a ɗaki bayan zaman shekaru masu yawa ba ƙaramin abu ba ne. Kada ku bar ta ita kaɗai da dare.

Yaro_Gidan_Igwai
Zan faɗi wani abu, Allah ya sa kada a ga baƙina. Irin iyayen nan namu masu aiki ba dare ba rana, sun ciyar da mu, sun tufatar da mu, amma da yawanmu ba mu san su ba. Mahaifina direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana ɗaukar siminti daga Kalambaina. Ban taɓa kwana da yunwa ba. Amma har ya rasu ban tuna ranar da muka zauna ni da shi muka yi hira ta minti goma ba. In ya shigo kowa ya kama kansa. Da ya rasu na yi kuka, amma sai na ga kamar ina kukan wanda ban gama sani ba. Shi ya sa in na ji ana cewa wane bai taɓa hutawa ba, nakan ce to yaushe ya zauna da 'ya'yansa? Da an zaunar da Baba a gida wataƙila da jikoki sun more shi.

Bn_Kanwuri
Yaro, zamani na. Su kunya sunka gada, uba ba shi sakin jiki da ɗa, balle ɗan hwari, ko suna nai ba shi hwaɗi. Son da sukai muna cikin buhun gero shike, ba bisa baki ba.

Yaro_Gidan_Igwai
Na yarda Baba, ban ce ba ya sonmu ba. Cewa na yi na so a ce na san shi.

Autan_Majemi
Ɗan'uwa na Gidan Igwai, maganarka ta taɓa ni. Mu ma a gida Baba ba mai magana ba ne. In ya dawo sai wanka, sai masallaci, sai ya jingina da rediyonsa a zaure. Amma a majema wani mutum ne daban. A can yake ba da labari, a can yake dariya. Duk abin da na sani na tarihinsa a rumfar nan na ji shi, ina riƙe masa gefen fata. Wanda bai bi shi can ba a cikinmu bai san shi ba sosai. Wannan na cikin abin da ya sa na tsaya kan a bar shi.

Abu_Sumayya
Allah ya jiƙansa. Na ga ka ambaci ranar uku. Ina tunatar da mu cewa taron uku da bakwai da arba'in ba su da asali, gara a yi masa sadaka mai gudana.

Dan_Hubbare
Malam, mutum yana cikin jimami ka kawo wannan? Malamanmu na garin nan sun san abin da suke yi. Addu'a ce aka taru aka yi.

Mai_Kula_da_Zaure
Don Allah a bar wannan a nan. Mas'ala ce da kowa ya san malamai sun yi magana a kanta, kuma ba ita mai tambaya ya kawo ba. Wanda ya ƙara zan goge.

Jikar_Baba
Assalamu alaikum. Kawu, ban san za ka rubuta a nan ba, wata ƙawata ce ta turo mini. Ni ɗiyar babbar ɗiyarsa ce, a ɗakin Inna na tashi. Akwai abin da Kawu bai faɗa ba, wataƙila ya manta don lokacin ba ya gari.

An taɓa hana shi. Lokacin korona a 2020, da aka yi ta cewa cutar ta fi kama tsofaffi, Kawu babba ya ce ba zai sake fita ba, kuma kowa ya goyi baya. Wajen wata biyu ya yi a gida. Satin farko yana ta faɗa. Daga baya ya daina faɗan, kuma wannan ya fi ba mu tsoro. Sai ya zauna a bakin ƙofar ɗaki ya zuba wa bango ido. Furar da yake shanye kwanonta sai ya kurɓa sau biyu ya ture. Ya fara kirana da sunan mahaifiyata. Wata rana da asuba na fito na same shi ya jawo buzun salla yana murza gefensa da yatsa yana shinshinawa, shi kaɗai a cikin duhu. Na koma ɗaki na yi kuka.

Inna ce ta aika aka kira Kawu babba, ta ce masa in kuna so ku binne shi da rai to ku ci gaba. Ranar da aka mayar da shi majema ya dawo ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari, ya kuma kira ni da sunana.

Kuma Kawu, ranar Larabar nan ni na ba shi ruwa kafin ya fita. Inna ta ce masa yau da zafi, ya zauna. Ya ce akwai fatun da za a fitar daga bagaruwa, in bai je ba yara za su yi gaggawa. Babu wanda ya tura shi.

Dan_Rima87
Subhanallah. Wannan ai ya amsa tambayar.

Hajiyar_Mabera
'Yata, kin sa ni hawaye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ku kuka zauna da shi. Na yarda naku ba irin namu ba ne, tunda kun gwada kun gani. Amma ina roƙon masu karantawa kada kowa ya ɗauki wannan ya ce shi ke nan a bar tsoho ya yi abin da ya ga dama. Baba yana da rumfa, yana da jika mai kai shi, yana da 'ya'ya masu ciyar da shi, don so yake zuwa. Akwai tsofaffi a Tsohuwar Kasuwa da bakin Kara da ke dako da tura baro don in ba su fita ba ba za a ɗora tukunya ba, kuma 'ya'yansu na nan suna cewa ai Baba ba ya son zama. Wannan ba son aiki ba ne, rashin mai ɗauke masa ne.

Tsohon_Hedimasta
Hajiya ta kawo magana mai nauyi, a raba tsakanin wanda ke fita don so da wanda ke fita don dole. Ni na yi ritaya bayan shekara 35 ina aiki. Wata shida na farko na ji daɗi. Bayan nan sai na ga gari ya waye ba wanda ke jirana a ko'ina. Mai sana'ar hannu ya fi mu sa'a ta nan, don shi ba a yi masa takardar sallama, aikin ne ke raguwa daidai ƙarfinsa: daga mai kankara ya koma mai dubawa, daga mai dubawa ya koma wanda ake tambaya. Ni sai da na roƙi wata islamiyya a shiyarmu su bar ni in riƙa koyar da lissafi kyauta kafin na dawo daidai. 'Ya'yana su ma sun ce in huta. Na ce musu hutun na nan zuwa.

Autan_Majemi
Na gode muku duka. Amma ina so in gyara wani abu, don na ga kamar labarin ya sa Yaya ya zama shi ne mai laifi. Ba haka ba ne. A cikinmu babu wanda ya yi wa Baba hidima kamarsa. Shi aka cire daga makaranta yana aji huɗu don ya taimaka a majema, shi ya yi shekaru yana bin motar fata zuwa Kano yana kwana a kan kaya, da guminsa ni na yi karatu. Ya san abin da toka ke yi wa hannu, don nasa hannun har yau a tsattsage yake. Ni na san majema a matsayin wurin hira da Baba, shi ya san ta a matsayin wurin da ya ci ƙarfin ubansa. Burinsa tun yana saurayi shi ne ranar da zai ce Baba zauna, na ɗauke maka. Ya kai ga iya hakan, Baba ya ƙi karɓa. Ina jin wannan ne ke masa ciwo, ba maganar mutane ba.

Malam_Na_Zaure
To ɗan'uwa, wannan maganar da ka rubuta mana, shi ya kamata ya ji ta daga bakinka. Ka je ka same shi, kada ka jira ya zo, shi ne babba, yanzu shi ne ubanku. Kuma ku tuna biyayya ba ta ƙare da rasuwa ba. Akwai addu'a, akwai biyan bashi in yana da shi, akwai sada zumunci da abokansa. Ku bincika a majema ko akwai wanda yake bi ko mai binsa kafin a yi maganar gado.

Mai_Bin_Tarihi
Ina ƙara roƙo, tun Inna da sauran abokan aikinsa na da rai, a sa waya a naɗi muryarsu. Sunayen kayan aiki, yadda ake haɗa rini, waɗanda suka koya masa, yadda ake ciniki a da. A garin da ke da gidan adana tarihi na Waziri Junaidu bai kamata sana'ar da ta kai sunan Sakkwato Turai ta tafi ba a rubuce ba.

Baduku_Takalmawa
Wanga gaskiya ta. Kuma ga Babbar Salla ta matso, lokacin da hwatun layya ka cika wuri, rabinsu duk an huda su da wuƙa wurin hiɗa. Shi ad da haƙurin zama shi ware su ɗaya-ɗaya. Bana wa za ya zauna rumhwar? Jikan nan mai kai shi bisa babur, na ga hannu nai ya hwara faɗawa, in kun bar shi.

Autan_Majemi
Yaron yana so, amma ubansa, wato Yaya, yana son ya ci gaba da karatu, ya riga ya ci jarabawa. Ka ga wata muhawarar ke nan tana jiranmu. Kartajin Baba da zabirarsa suna wurin Yaya. Buzun kuma Inna ta aika aka ɗauko mata daga rumfa, a kansa take salla yanzu. Malam, na ji shawararka, gobe in Allah ya kai mu bayan sallar asuba zan je gidansa.

Ma'aikaciyar_Jinya
Allah ya sa a dace. In ka je ka sa a auna shi shi ma, masu riƙe abu a ciki a irin wannan lokaci jininsu kan hau.

Nana_Runjin_Sambo
Allah ya jiƙan Baba. Na karanta tun daga farko don ni ma abin da ke gabana ke nan. Kakarmu ta kusa tamanin da biyar, har yanzu ita ke tuyar masa a ƙofar gida tun asuba, hayaƙi na shiga mata ido, kuma wancan watan zaninta ya kusa kama wuta. Mun sayo mata duk abin da take bukata, ta ce in ta bari masu zuwa gaishe ta za su daina zuwa. Hajiyar Mabera, Anti mai jinya, ita kuma yaya za mu yi da ita?